Abin Da Ke Sa Likita Ya Huda Maƙogwaro

A unguwar Arawa ta cikin garin Gombe, kamar yadda yake a sauran unguwannin ƙasar nan, da wuya a sami maganar da ke tsinka zuciyar magidanci irin a ce likita ya fito daga ɗaki da takarda, ya ce masa ya sa hannu za a huda wuyan ɗansa. Abin da yake fara faɗo wa mutum a rai shi ne yanka, domin tun tasowarsa bai taɓa ganin an kai wuƙa wuyan wata halitta ta tashi ba. Saboda haka sai ya nemi a dakata ya yi shawara da 'yan'uwa, ko kuwa ya aika a kira wansa daga kasuwa, alhali kuwa abin da ya rage wa yaron mintoci ne ƙalilan.

Wannan aiki shi ne likitoci ke kira tirakiyostomi, watau a huda 'yar ƙofa a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, a sa wani lanƙwasasshen bututu wanda iska za ta riƙa bi ta cikinsa zuwa huhu sa'ad da hanyarta ta asali ta toshe. Ana yinsa a manyan asibitoci masu sashen kunne da hanci da maƙogwaro, irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, wanda aka kafa a 1996 da sunan Cibiyar Lafiya ta Tarayya, aka ɗaga shi ya zama asibitin koyarwa a 2014. To, amma abin da ya fi kyau jama'a su sani shi ne, galibin cututtukan da ke kai mutum ga wannan hali ba sa zuwa ba sallama. Suna yin gargaɗi, waɗansu na kwanaki, waɗansu na watanni, kuma da yawa daga cikinsu ana iya tare su tun ba su shigo gida ba.

Yadda Hanyar Numfashi Take

Iskar da mutum ya shaƙa ta hanci ko ta baki takan gangara ta bayan harshe, ta ratsa tsakanin tantanin murya guda biyu da ke cikin maƙogwaro, sa'an nan ta shiga wani bututu mai zobban guringuntsi 16 zuwa 20, wanda ya rabu biyu a cikin ƙirji, reshe ɗaya ya nufi huhun dama, ɗaya ya nufi na hagu. A jikin babban mutum tsawon bututun nan ya kai wajen santimita 11, faɗinsa kuwa wajen santimita 2. Hanyar abinci tana kwance a bayansa, kuma akwai wani ɗan murfi a gindin harshe wanda ke rufe hanyar iska duk lokacin da aka haɗiyi abu.

Hanya ɗaya ce tak, ba ta da ta ratse. Mutum yana da ido biyu, kunne biyu, ƙoda biyu, huhu biyu, amma maƙogwaronsa ɗaya ne. In ya toshe gaba ɗaya, ƙwaƙwalwa takan soma lalacewa cikin minti 4 zuwa 6.

Sha'anin yara ya fi tsanani. A jikin jariri, wurin da ya fi ƙunci a wannan hanya bai wuce milimita 4 ba, watau kamar faɗin ƙwayar dawa. Idan ya kumbura da milimita 1 kacal ta kowane gefe, to kashi uku cikin huɗu na hanyar ya rufe ke nan. Kumburin da zai sa babba ya ce yana jin ɗan kaikayi a wuya, shi ne zai sa yaro ya kwana yana kokawa da numfashi.

Mashaƙo Ya Dawo

Babu cutar da sunanta ya haɗu da huda maƙogwaro a tarihi kamar mashaƙo. Takan soma kamar mura, da ɗan zazzaɓi da ciwon wuya, har iyaye su ɗauka sanyi ne. Bayan kwana biyu ko uku sai wani tantani mai launin toka-toka ya shimfiɗu a can cikin maƙogwaro, ya manne ƙam, in an taɓa shi ya yi jini, wuya kuma ya kumbura ta waje. Saboda kamannin wannan tantani da jemammiyar fata ne wani likitan Faransa mai suna Bretonneau ya laƙaba wa cutar sunan da Turawa ke kiranta da shi, a 1826, daga kalmar Girkanci mai nufin fata. Idan tantanin ya gangara ya kai ga tantanin murya, sai murya ta dushe, numfashi ya riƙa fita da ƙara, daga nan sai hanya ta rufe.

Mutane da yawa sun zaci mashaƙo ya zama labari, sai ga shi a watan Disamba na 2022, an sanar da Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa cewa ya ɓulla a Kano da Legas. A cikin 2023 ya bazu a Arewa. Kano ce ta fi jin jiki, har aka keɓe wuri na musamman domin masu cutar a Asibitin Murtala Muhammad, sai kuma jihohin Yobe da Katsina da Bauchi da Borno. Uku daga cikin waɗannan, watau Yobe da Bauchi da Borno, duk sun yi iyaka da Jihar Gombe, kuma motocinsu suna shiga tashoshin garin Gombe safe da yamma. Kafin farkon 2025 annobar ta hallaka fiye da mutum 1,000 a ƙasar nan, galibinsu yara 'yan ƙasa da shekara 15, kuma mafi yawan waɗanda suka kamu ba su sami cikakkiyar allurar rigakafi ba.

Ya kamata a fahimci cewa huda maƙogwaro ba ya warkar da mashaƙo. Iyakarsa ya buɗe wa iska hanya. Ƙwayar cutar tana fitar da dafi wanda ke bin jini ya taɓa zuciya da jijiyoyi, kuma maganin wannan dafi wata allura ce da ake samu a asibiti, wadda ke aiki sosai in an yi ta da wuri, tare da magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Yaron da aka kawo a rana ta biyu yana iya tashi ba tare da an taɓa wuyansa ba. Wanda aka kawo bayan mako guda, ko an buɗe masa hanyar iska, zuciyarsa na cikin haɗari.

A nan ne kuma maganar beli take shigowa. Al'ada ce daɗaɗɗiya idan yaro ya kasa haɗiya a ce belinsa ne ya faɗo, a kira wanzami. Amma beli yana sama ne, a ƙarshen ganɗa, toshewar kuwa tana can ƙasa inda askar wanzami ba ta kaiwa. Yanke shi a wuyan da ya riga ya kumbura sai dai ya ƙara jini da kumburi, ya buɗe wa waɗansu ƙwayoyin cuta ƙofa, har da ta tatanas mai sarƙe haƙora, wadda ita ma takan shaƙe maƙogwaro har a bukaci bututu.

Rigakafin kuwa kyauta ne. Allurar nan da ake kira Penta, wadda aka soma bayarwa a Nijeriya a 2012, ana yi wa jariri ita sau uku, yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. Tana kare shi daga mashaƙo, da tarin shiƙa, da tatanas, da ciwon hanta nau'in B, da kuma wata ƙwayar cuta da ke kumbura ɗan murfin nan na gindin harshe cikin sa'o'i kaɗan, har yaro ya zauna ya miƙe wuya yawu na dalala. Uku daga cikin waɗannan cututtuka biyar suna iya kai yaro ga hudar wuya. Uwar da ta kai ɗanta sau ɗaya ta daina, ta yi gini ne ba ta yi rufi ba.

Gyaɗa, Aya Da Murfin Biro

Dalili na biyu yana cikin kowane tsakar gida. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku bai gama fitar da turamen haƙoran da za su niƙa abu mai tauri ba, ga shi kuma duk abin da ya tsinta sai baki. Gyaɗa, da aya, da gurjiya, da ƙwallon dabino, da tsakuwa, da murfin biro, da ɗan usur ɗin da ke cikin kayan wasa, duk suna iya zarcewa hanyar iska idan ya yi dariya ko kuka ko ya faɗi da abin a bakinsa. Manya ma ba su tsira ba, musamman da ƙashin kifi, da tsokar nama, da haƙorin roba, da allurar ɗaura ɗankwali da mata ke riƙewa a leɓe.

Abin da ke yaudarar iyaye shi ne, yaro yakan ƙware, ya yi tari kamar ransa zai fita, sa'an nan ya lafa ya koma wasa, a ce Alhamdu lillahi ta wuce. Alhali kuwa gyaɗar ta gangara ne ta zauna a wani reshe na huhu, inda za ta jiƙa ta kumbura, manta ya riƙa cin naman wurin. Bayan kwanaki sai zazzaɓi da tari, a yi ta sayen maganin tari a kemis. Duk yaron da ya ƙware da abu mai tauri, ko da ya lafa, asibiti ya kamata a kai shi, a kuma gaya wa likita abin da ya faru. Galibi ana ciro irin waɗannan abubuwa ta baki ne, da wani dogon bututu mai fitila. Sai wanda ya maƙale a maƙogwaro ya hana numfashi ne yakan sa a huda wuya tukuna.

Kafin a kai asibiti akwai abin da na kusa zai iya yi. In mutum yana iya tari da ƙarfi, a bar shi ya yi ta yi. In kuwa ya kasa tari, ya kasa magana, to a sunkuyar da shi a bubbuga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau biyar da ƙarfi. In bai fito ba, a tsaya ta bayansa, a dunƙule hannu a sama da cibiyarsa, a fizgo ciki da sama sau biyar, a yi ta maimaitawa. Jaririn da bai shekara ba, a kifa shi a kan hannu kansa na ƙasa, a bubbuga bayansa sau biyar, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsa biyu sau biyar. Kada a zura yatsa ana lalube a maƙogwaro, domin sai a ƙara tura abin ciki, kada kuma a ɗura masa ruwa.

Muryar Da Ta Dushe Ta Ƙi Dawowa

Akwai kuma toshewar da ke zuwa sannu a hankali, kuma gargaɗinta shi ne dushewar murya. A wajen yara, waɗansu tsiro ne ƙanana masu kama da kan farin kabeji ke fitowa a tantanin murya, waɗanda ƙwayar cutar HPV ke haddasawa, kuma yawanci yaro yakan ɗauke ta wajen haihuwa. Muryarsa takan shaƙe wata da watanni, numfashinsa ya riƙa ƙara, a yi ta ba shi maganin asma ba sauƙi. Tsiron ba ciwon daji ba ne, ana kankare shi ta baki, ko da yake yakan sake fitowa. Likitoci ba su son huda wuyan irin wannan yaro, domin tsiron yana iya bin hudar ya gangara, amma idan an kawo shi numfashi na shirin ɗaukewa ba su da zaɓi. Allurar rigakafin HPV da Gwamnatin Tarayya ta soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023, domin kare su daga ciwon dajin bakin mahaifa, ta haɗa har da nau'o'in da ke kawo wannan tsiro.

A wajen manya kuwa, abin tsoro shi ne ciwon dajin maƙogwaro, wanda ya fi kama maza da suka manyanta, musamman masu shan taba da giya. Wannan ciwo yana daga cikin waɗanda ake warkewa daga gare su in an gano da wuri, domin tun yana ƙarami yake taɓa murya. Abin baƙin ciki shi ne mutum yakan shekara yana shan zuma da citta da kanumfari, yana cewa sanyi ne ko ƙurar hunturu, sai ran da ya kasa kwanciya saboda numfashi sa'an nan a ɗauko shi. A lokacin aikin farko da likita zai yi shi ne ya buɗe masa hanyar iska, kafin ma a yi maganar ciwon. Sarauta ma ba ta hana wannan ba. Sarkin Jamus Firedarik na Uku, an huda masa wuya a watan Fabrairu na 1888 saboda wannan ciwo, ya hau gadon mulki da bututu a wuyansa ba ya iya magana, ya rasu bayan kwana 99. Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa mai sauƙi ce: muryar da ta dushe ta wuce mako uku, a je a leƙa maƙogwaron.

Haƙori, Maƙoƙo, Haɗari Da Gobara

Mutane kaɗan ne za su yarda cewa ruɓaɓɓen haƙori yana iya toshe numfashi, amma yana yi. Idan turmin ƙasa ya ruɓe aka bar shi, ƙwayoyin cuta sukan gangara ƙarƙashin harshe, haɓa ta kumbura ta yi tauri kamar katako, harshe ya tashi ya koma baya, baki ya ƙi buɗuwa. Masu ciwon sukari sun fi shiga wannan haɗari. Kumburin haɓa bayan ciwon haƙori ba abin shafa wa magani a jira ya nuna ba ne.

Haka nan maƙoƙo, wanda ƙarancin sinadarin aidin ke kawowa, idan ya girma ƙwarai yakan danne bututun iska. Saboda irin wannan ne Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci tun 1993. Sai kuma haɗarin mota da na babur, inda muƙamuƙi ko fuska ke karyewa, jini da karyayyun haƙora su cika baki, ko kuwa a bugu a kai mutum ya daɗe a sume, ana hura masa numfashi da na'ura. Wanda gobara ta rutsa da shi a ɗaki, ko da fatarsa ba ta ƙone sosai ba, zafin hayaƙi yana iya kumbura maƙogwaronsa bayan sa'o'i, kuma alamarsa ita ce ƙonewar gashin hanci, da baƙin kaki, da sauyawar murya. A gidajen da mata ke sana'ar sabulu kuma, ruwan soda da aka zuba a robar ruwan sha ya sha ƙona maƙogwaron yara.

A mafi yawan waɗannan, likita yakan fara gwada zura bututu ta baki. Sai idan kumburi ko tsiro ko rauni ya hana shi wucewa, ko kuwa an ga mara lafiya zai daɗe yana bukatarsa, sa'an nan a koma ga wuya.

Aikin Ba Sabo Ba Ne

Tsoron da magidancin Arawa yake ji, likitocin da ma sun ji shi. An daɗe ana ɗauka cewa guringuntsin maƙogwaro in an yanke shi ba ya haɗewa. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, shahararren likitan Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya ba da labari a littafinsa At-Tasrif cewa an kira shi ga wata kuyanga da ta yanki wuyanta da wuƙa, ya tarar iska na fita ta raunin amma manyan jijiyoyin jini ba su taɓu ba, ya ɗinke, ta warke. Daga nan ya gane cewa buɗe maƙogwaro ba kisa ba ne. Bayansa Ibn Zuhr na Ishbiliya, wanda ya rasu a 1162, ya gwada aikin a kan akuya, ta warke sarai.

Duk da haka tsoron bai gushe ba. A ran 14 ga Disamba, 1799, shugaban Amurka na farko, Joj Washinton, yana kwance maƙogwaronsa ya kumbura, likitoci uku na kansa. Ƙaraminsu, Elisha Dick, ya ba da shawara a huda masa wuya, manyan biyu suka ƙi, aka tsaya ga tsiyayar masa da jini kamar yadda aka saba a zamanin. A daren nan ya cika. Sai a 1909 ne wani likitan Amurka, Chevalier Jackson, ya tsara yadda za a riƙa yin aikin a natse, da inda ya kamata a huda, da irin kulawar da za a yi bayansa, kuma a kan wannan tsari ake har yanzu.

Bayan An Sa Bututu

Tambayoyi biyu ne dangi suka fi yi: shin zai sake magana, kuma shin da bututun zai mutu? Hudar tana ƙasa da tantanin murya ne, ba ta taɓa shi. Abin da ke ɗauke magana shi ne iska ta daina bi ta wurin, kuma da yawa idan sun ji sauƙi suna iya magana in sun toshe bakin bututun da yatsa. Yawancinsu kuma suna cin abinci ta baki yadda suka saba. Wanda aka yi wa saboda mashaƙo, ko ƙwarewa, ko kumburin haɓa, ko haɗari, galibi ana cire masa bututun idan dalilin ya gushe, hudar ta rufe da kanta cikin mako ɗaya ko biyu, ta bar ɗan tabo. Masu ciwon dajin da ya yi nisa ne suka fi daɗewa da shi.

Kulawa ita ce babban aiki. Hanci ne ke tace iska, ya ɗumama ta, ya jiƙa ta, mai bututu kuwa ya rasa wannan. A lokacin hunturu, da ƙura da bushewar iska irin ta Gombe, majina takan daskare ta toshe bututun. Don haka ake koya wa mai jinya yadda zai zuƙe majina, ya wanke bututun ciki, ya rufe bakin da ɗan ƙyalle mai tsabta mai laima, ya kuma kiyaye kada ruwa ya shiga wajen wanka. Bai kamata a bar asibiti ba sai mutum biyu a gidan sun iya wannan.

Alamomin Da Ba A Kwana Da Su

Mutumin Arawa, da na Malam Inna, da Kagarawal, da Tudun Wada, da Pantami, yana da abin da mutumin ƙauye mai nisa ba shi da shi, watau Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Jiha duk suna cikin garinsa. Abin da ya rage shi ne ya san lokacin tashi. Idan numfashi ya soma fita da ƙara mai kaifi wajen shaƙa, ko ramin wuya da tsakanin haƙarƙari suna lotsawa, ko mutum ya kasa kwanciya sai a zaune, ko ya kasa haɗiye yawunsa, ko leɓɓansa da harshensa suka sauya launi, to ba a jiran gari ya waye, ba a kuma biyawa ta kemis. Yaron da ya daɗe yana kokawa da numfashi sa'an nan ya yi shiru ya yi laƙwas, ba sauƙi ya samu ba, ƙarfinsa ne ya ƙare.

Idan kuwa an isa, likita ya duba ya ce sai an huda, to sa hannun da uba zai yi a wannan minti yana daga cikin manyan abubuwan da zai taɓa yi wa ɗansa. Shawara da dangi abu ne mai kyau, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin shawara shi ne yanzu, da kowa ke lafiya: a duba katin rigakafin yara a ga ko allura uku sun cika, a ɗauke gyaɗa da aya daga gaban masu rarrafe, a kai ruɓaɓɓen haƙori a cire, a kuma kai dattijon da muryarsa ta dushe a duba shi. Allah ya ƙara wa jama'a lafiya, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.